Tambayoyi da amsoshi kan gyaran tsohuwar libarba da aka gada

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai silinda, wato gangar ƙarfe mai ramukan harsashi wadda ke juyawa duk lokacin da za a yi harbi. Tun da Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1836 ake ƙera irinta, kuma saboda ƙarkonta, da yawa daga cikinsu sun riga sun ga bayan waɗanda suka saye su, suka faɗo hannun 'ya'ya da jikokin da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne magada suka fi yi kafin su kai ta wurin maƙerin bindiga da bayan sun kai.

Na tarar da bindigar a cikin kayan mamaci. Me zan fara yi?

Ka ɗauka cewa a ɗure take da harsashi, ko da kowa a gidan ya rantse maka cewa shekara arba'in ba a taɓa ta ba. Kada yatsanka ya kusanci kunama, kuma kada bakinta ya fuskanci mutum ko bangon da mutum zai iya kasancewa a bayansa. Idan ka san yadda ake buɗe irin wannan ƙirar, ka buɗe ka zazzage harsasan. Idan ba ka sani ba, ko kuwa tsatsa ta riƙe silindar ta ƙi motsi, to ka bar ta yadda take, ka kulle ta inda yara ba za su kai ba, ka nemi wanda ya san aikin. Bugun silindar da ta maƙale da guduma alhali akwai harsashi a ciki yana daga cikin hanyoyin da mutane ke jawo wa kansu tsautsayi.

Akwai tsoffin libarba na kafin zamanin harsashi mai kwanso, waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta gaban silinda. Waɗannan ba a gane ɗurinsu da kallo ta baya, kuma baƙin albarushi ba ya mutuwa da tsufa muddin bai jiƙe ba, yana iya tashi bayan shekara ɗari.

Tunda gado na ci, ba shi ke nan ta zama tawa ba?

Mallakar dukiya daban, izinin riƙe makami daban. A ƙasashe da yawa lasisin bindiga na mutum ɗaya ne, yana ƙarewa da rasuwarsa, ba ya bin gado. Wasu ƙasashen sun haramta wa farar hula ƙaramar bindiga gaba ɗaya, wasu kuma suna sassauta wa tsofaffin ƙira. A dokar tarayyar Amurka, alal misali, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana lissafa ta cikin kayan tarihi, amma wannan hukunci ne na can, ba ya aiki a wani wuri. Kafin ka fita da ita daga gida, ka tuntuɓi hukumar da ke ba da lasisi ko lauya, ka ji yadda ake sauya suna da yadda aka yarda a ɗauke ta zuwa wurin gyara. Maƙerin kirki ma ba zai karɓe ta ba sai ya ga takardu, kuma wanda bai tambaye ka takarda ba, wannan kaɗai ya isa ka juya da kayanka.

Ga ta nan lafiya lau a ido. Me zai hana in gwada harbi ɗaya in gani?

Saboda abin da ke fasa bindiga ba kasafai ido ke ganinsa ba. Dalili na farko shi ne albarushi. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, baƙin albarushi ake amfani da shi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da gishirin nitiret. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi ƙarfi kuma yanayin matsinsa ya bambanta da na tsohon. Bindigogin da aka ƙera kafin wannan canji ya kankama, da ƙarfe mai taushi aka yi su, kuma kamfanin Colt kansa bai amince a sa sabon albarushi a shahararriyar ƙirarsa ta 1873 ba sai wajen 1900. Harsashin da ake sayarwa yau yana iya shiga ramin tsohuwar bindiga daidai wa daida, amma shigarsa ba shaida ba ce cewa bangon ramin zai iya ɗaukarsa.

Dalili na biyu shi ne abin da ke cikin bututu. Wani lokaci harsashi marar ƙarfi yakan tsaya a tsakiyar bututu, mai ita ya ajiye ta a haka ya manta, ko ƙwaro ya gina gida a ciki, ko tsumma ya maƙale. Harbi a kan irin wannan toshewa yana kumbura bututun ko ya tsaga shi, kuma hannun mai harbin ne a kusa.

Me maƙerin zai duba idan na kai masa?

Wanda ya san aikinsa ba ya fara da kwance ta. Zai tabbatar babu harsashi, sannan ya ɗan ɗora yatsa a jikin silinda don ya rage mata gudu, ya ja gudumar bindigar, wato ƙarfen bayanta da ke dukan gindin harsashi ya tashi, baya a hankali ƙwarai, kunnensa a kusa. Abin da yake saurare shi ne ƙaramin sautin maƙullin da ke ƙasa yana faɗawa cikin gurbinsa a jikin silinda, kuma dole ne wannan sautin ya zo kafin guduma ta kai ƙarshen tafiyarta. Zai maimaita haka a kowane rami, biyar ko shida, domin sau da yawa huɗu suna da lafiya ɗaya ne ke makara. Idan silinda ba ta kulle ba a lokacin da harsashi ya tashi, ramin bai daidaita da bututu ba ke nan, sai dalmar ta daki gefen mashigar bututun, ta fallatso ɓarɓashi ta gefe zuwa fuskar mai harbi ko ta na kusa da shi. Wannan cuta ce da ta yi yawa a tsofaffin libarba, kuma galibi tana fitowa ne daga lalacewar ɗan ƙarfen da ke tura silinda ko haƙoran da yake turawa.

Daga nan zai girgiza silindar gaba da baya, hagu da dama, ya ji yawan wasan da take yi. Zai zura siririn ma'auni a tazarar da ke tsakanin fuskar silinda da bututu, wadda a lafiyayyar bindiga ba ta cika wuce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na milimita ba. Idan tazarar ta yi yawa, wuta da iskar albarushi suna tserewa ta nan. Idan ta yi kaɗan, silinda takan cije da zarar datti ya taru. Zai haska fitila cikin bututu ya duba ko tsagar da ke murɗa harsashi tana nan, ko tsatsa ta yi ramuka, ko akwai zoben duhu da ke nuna kumburi. Zai duba mashigar bututun da saman firam, wato gangar jikin bindigar da ke riƙe da silinda da bututu, ko akwai tsaga. Zai ɗana guduma ya tura ta da babban yatsa, domin idan ta zame ta faɗi ba tare da an ja kunama ba, to wani ya taɓa goge ƙarafunan ciki da magagari don ya sassauta kunamar, kuma bindigar ta zama haɗari.

Sai bayan duk wannan zai buɗe murfin gefe. Na taɓa tsayawa a kan wani maƙeri yana wannan aiki a kan wata libarba da mai ita ya tabbata ta lalace, domin kunamarta ba ta komawa. Ya kwance sukurorin ya jera su a kan tsumma bisa tsarin da ya ciro su, saboda ba tsawonsu ɗaya ba, sannan ya riƙa bubbuga firam da ƙotar katako har murfin ya ɗago da kansa. Babu abin da ya karye a ciki. Tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro, launin ƙasa-ƙasa, ya manne sifirin da duk abin da ke motsi. Wanki kawai ta buƙata da ɗigon sabon mai. Ba kowa ke yin irin wannan sa'a ba, amma ya kan faru fiye da yadda ake zato.

Ai an rubuta girman harsashin a jikin bututu. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, saboda dalili biyu. Na farko, sunayen harsasai suna da ruɗani. Harsashin .38 S&W (wato Smith & Wesson, kamfanin ƙera bindigogi na Amurka) da na .38 Special ba abu ɗaya ba ne duk da lambar da suka haɗa: na farkon ya fi gajarta kuma ya fi kauri, na biyun ya fi tsawo da ƙarfi. Haka kuma .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, kaurinsa ɗaya da .38 Special, an ƙara masa tsawo ne da gangan don kada ya shiga bindigar da ba za ta iya ɗaukarsa ba, amma akwai tsoffin ƙira da aka huda ramukansu a miƙe ba tare da matsaya ba, waɗanda za su haɗiye shi.

Na biyu, wataƙila an sauya ramukan bayan bindigar ta bar masana'anta, rubutun kuwa yana nan yadda yake. Misalin da aka fi sani shi ne Webley Mk VI, wadda sojojin Birtaniya suka fara amfani da ita a 1915 da harsashin .455. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayar da su da yawa a Amurka, inda 'yan kasuwa suka aske bayan silindar don ta karɓi .45 ACP, wanda ya fi samuwa a can. Matsin wannan harsashi ya zarce abin da aka ƙera Webley ta ɗauka, kuma an sha ganin silindar da ta fashe ta wannan hanya. Haka aka yi wa wasu Smith & Wesson na zamanin yaƙin da aka ƙera wa Birtaniya da .38 S&W, aka zurfafa ramukansu don .38 Special, sai kwanson ya riƙa kumbura ko ya tsage saboda ramin ya fi shi faɗi. Maƙeri yana auna ramukan da kansa, wani lokaci ya zuba wani narkakken ƙarfe mai saurin daskarewa a ciki ya fitar da siffar ramin ya auna ta. Abin da ya rubuta maka shi ne za ka bi, kuma ko ya ce ta karɓi harsashin zamani, ka guji masu ƙarin matsi da ake yi wa alamar +P.

Akwai tsoffin harsasai a akwatin da na same ta. Zan iya amfani da su?

A'a. Ba ka san yadda aka ajiye su ba, ba ka san ko wani ne ya sake ɗura su da hannu ba, kuma yawancin na kafin shekarun 1950 suna barin wani gishiri a cikin bututu wanda ke jawo danshi ya haifar da tsatsa cikin 'yan kwanaki. Ka nuna wa maƙerin kwalin, domin yana ba da labarin abin da aka riƙa harbawa da ita, sannan ka miƙa harsasan ga hukumar da ke da alhakin lalata su.

Zan iya goge tsatsar da kaina kafin in kai ta, don kada in ji kunya?

Maƙeri ya fi son ya ga bindiga da dattinta a kan ya gan ta bayan an yi mata gyaran gangar auzinawa. Samfefa da burushin waya da injin goge ƙarfe suna cire tsatsa, amma suna tafiya da launin asali da rubutu da kaifin gefuna, kuma babu mai iya mayar da su. Sukudireba ta gida tana da baki mai tsini kamar weji, ba ta cika tsagar kan sukurun bindiga, sai ta zame ta ɓata kan sukurun ta karce jiki. Da zarar masani ya ga kawunan sukurori a tauye, ya san wanda bai iya ba ya shiga ciki. Murfin gefe kuwa, idan aka ɓanɓare shi da bakin wuƙa, gefensa zai lanƙwashe har abada.

Abin da za ka iya yi ba tare da ɓarna ba shi ne ka cire ta daga kuben fata, ka shafe ta da tsumma mai laushi da ɗan man bindiga. Kada ka riƙa jan kunama a banza kana jin daɗin ƙarar, musamman idan mai harsashin .22 ce, domin tsinken da ke dukan gindin harsashi yana sarar gefen ramin ya lotsa shi. Kada kuma ka wurga silinda ta rufe da karkaɗa hannu yadda ake yi a fina-finai, wannan yana lanƙwasa hannun da ke ɗauke da ita.

Ina so a sabunta mata launi ta koma kamar sabuwa. Akwai laifi?

Bindigarka ce, amma ka san abin da za ka rasa. Baƙin launin nan mai shuɗi-shuɗi ba fenti ba ne, wata siririyar tsatsa ce da ake samarwa da gangan a fuskar ƙarfen, kuma kafin a sake yin ta dole a goge ƙarfen har ya yi fari. A wurin masu tara tsoffin makamai, bindigar da ke da rabin launinta na asali ta fi wadda aka sabunta daraja nesa ba kusa ba. Ni a ganina hasarar ta wuce ta kuɗi. Inda launin ya koɗe a bakin bututu, kube ne ya cinye shi shekara da shekaru a ƙugun mahaifinka ko kakanka, inda ƙotar ta yi santsi kuwa tafin hannunsa ne, to garin neman gira kada a rasa ido. Idan ƙira ce da aka yi miliyoyinta, tsatsa kuma ta riga ta ci fuskarta, kana kuma so ka riƙa harbi da ita, sabuntawa ba ta da aibu. In ba haka ba, ka ce wa maƙerin ya tsayar da tsatsar kawai ya bar sauran. Idan aka sauya ƙota ko wani ƙarfe, ka karɓi na asalin ka ajiye, domin wasu kamfanoni sukan rubuta lambar bindigar a cikin ƙotarta.

Yaya zan gane maƙerin da ya dace?

Ba duk mai gyaran bindiga ne ya san libarba ba. Yawancin bindigogin zamani ana cire musu ƙarfe a sa wani ya zauna daram, amma tsohuwar libarba da hannu aka daidaita kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin Colt sun fi wuya a wannan fanni, domin ƙarfe ɗaya a cikinsu yana yin aiki biyu ko uku, idan aka taɓa wuri ɗaya sai wani ya goce, kuma masu iya su suna ta raguwa. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa aiki a kan wannan ƙirar, ka duba lasisinsa, ka nemi ya fara da bincike kawai ya ba ka sakamakon a rubuce tare da ƙiyasin kuɗi kafin ya taɓa komai. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan ƙira da lambar bindigar, ka kuma ɗauki hotunanta ta kowane gefe kafin ka miƙa. Maƙerin da ya ce maka wannan ba fanninsa ba ne, ya tura ka wurin wani, ya yi maka alheri.

Me ya sa aikin ke ɗaukar watanni?

Kayan gyaran ne ba sa samuwa. Kamfanonin da yawa sun rufe, waɗanda suke raye kuma sun daina ƙera kayan tsoffin ƙira, don haka sai an nemo daga wata bindigar da ta mutu, ko a ƙara wa lalataccen ƙarfen nama da walda a sake fere shi, ko a ƙera sabo daga farko. Sifirin mai faɗi da ya karye shi ne mafi sauƙi. Firam da ya tsage ko ya miƙe shi ne wanda galibi ba shi da magani.

Zai iya gaya mini shekarar da aka ƙera ta da inda ta fito?

Sau da yawa zai iya. Lambar bindiga ita ce mabuɗi, kuma a Smith & Wesson tana ƙarƙashin gindin ƙota; lambobin da ake gani idan an buɗe silinda wani lokaci na haɗa kaya ne a masana'anta, sai daga 1957 kamfanin ya fara buga lambar ƙira a wurin. Colt da Smith & Wesson duka suna da tsoffin kundaye da ake iya neman wasiƙa daga gare su, mai nuna ranar da bindigar ta fita da wanda aka aika wa. Bindigogin Turai kuwa suna ɗauke da tambarin gidan gwaji, wato inda ake jarraba ƙarfin bindiga kafin a sayar: haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na birnin Liège ne a Beljiyam, zaki a kan PV yana nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, NP kuma ita ce irin wannan shaida a Ingila. Ka shirya jin labarin da bai yi maka daɗi ba, domin a Beljiyam da garin Eibar na Sifen an ƙera kwaikwayon Colt da Smith & Wesson masu ɗimbin yawa, wasu nagari, wasu da ƙarfen da ba a amince masa ba. Kada kuma a goge lambar ko a taɓa ta a wurin gyara, wannan babban laifi ne a ƙasashe da dama.

Bayan an gyara, za ta zama amintacciya kamar sabuwar ƙira?

Gyara yana mayar da ita yadda aka ƙera ta ne, ba ya ƙara mata abin da ba a sa mata ba. Da yawa daga cikin tsofaffin ba su da shingen da ke hana guduma taɓa harsashi idan bindiga ta faɗi. Shi ya sa masu riƙe Colt ta 1873 suke ɗura biyar su bar guduma a kan ramin da babu komai. Smith & Wesson sun sauya ƙirar shingensu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu bayan wata ta faɗi a jirgin ruwan yaƙi ta kashe wani sojan ruwa, kamfanin Ruger kuma ya kawo nasa sabon tsarin a 1973. Ka tambayi maƙerin a wane ɓangare taka ta faɗa.

Idan ya ce kada a sake harba ta fa?

Ka yarda da shi, ko ka nemi ra'ayin maƙeri na biyu, amma kada ka yi ta yawo har sai ka sami wanda zai gaya maka abin da kake so ka ji. Za ka iya ajiye ta a matsayin abin tunawa idan doka ta ba ka dama. A wasu ƙasashen ana iya kashe ta a hukumance, a toshe bututu da ramuka a ba ka takardar shaida, sai dai wannan aiki ba ya warwaruwa kuma yana zubar da darajarta. Idan tana da tarihi, gidan adana kayan tarihi yana iya karɓa. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗaura mata ɗan kati mai cewa ba a harbi da ita da dalilin haka, saboda wanda zai gaje ta daga hannunka.

Yaya zan ajiye ta bayan ta dawo?

Babu harsashi a ciki, a cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai kuma a wani wurin daban. Kada ta kwana a kuben fata ko a cikin soso, domin dukansu suna riƙe danshi, fata kuma tana da sinadaran jima da ke cin ƙarfe. Ka sa ƙunshin abin tsotse danshi a akwatin, ka fito da ita sau biyu ko uku a shekara ka shafe ta da ɗan mai, kuma duk lokacin da hannu ya taɓa ƙarfen a goge wurin, saboda gishirin gumi yana barin shatin yatsa da tsatsa. Takardar binciken maƙerin da rasit da tsoffin ƙarafunan da ya cire, ka haɗa su a ambulan ɗaya ka ajiye tare da lasisin.